Tambaya: ina zan kai yaro ya ga teku a Ghana, kuma da gaske ana hawan raƙumin ruwa a can?

Bafagge ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san bakin tekun Ghana, musamman 'yan'uwanmu na zango.

In Allah ya kai mu watan Disamba za mu Takoradi biki. Ƙanwar maiɗakina za a kai ɗakinta a can, kuma an ce lallai da ni za a tafi. Ta mota za mu bi: Legas, Seme, Kwatano, Lome, mu shiga ta Aflao. In an watse daga biki muna da kamar kwana huɗu a hannu kafin mu juyo.

Babban yarona ne ya hana ni sakat. Shekararsa 14. Wani bidiyo ya gani a wayar yayan abokinsa: wasu Turawa a tsaye kan allo, raƙumin ruwa ya taso kamar katangar gidan sarki yana naɗowa ta kansu, su kuwa suna sululu a cikinsa. A ƙasan bidiyon an rubuta Gold Coast. Shi kuma a makaranta an koya musu cewa Gold Coast tsohon sunan Ghana ne. Shi ke nan ya ƙulla a ransa can za mu, kuma sai ya hau. Ni kaina ban taɓa tsayawa gaban teku ba. Iyakar ruwan da na sani Tiga da Bagauda. Yaron dai ya iya iyo. A kududdufin unguwa ya fara ba da sanina ba, na zane shi, daga baya na ga gara in sa a koya masa yadda ya kamata, yanzu yakan ƙetare wurin wanka na otal sau goma bai huta ba.

To akwai inda ake koya wa yara wannan abu kusa da Takoradi? Yaya haɗarinsa? Sannan da uwarsa da ƙannensa mata biyu za mu je, ba na son wurin da mutum zai wuni yana kawar da kai yana istigfari. Wani kuma ya ce mini akwai yankunan gaɓa da hukuma ta keɓe, kamar Yankari amma a bakin ruwa. Ana shiga?

Direban Takoradi ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam Bafagge. Allah ya sanya alheri a auren, ya kawo ku lafiya. Ni a zangon Sekondi aka haife ni. Kakana fataucin goro ya kawo shi daga Kano ya ƙi komawa. Yau shekara 26 ina jan mota tsakanin Ankara, Takoradi da Elubo. Ankara tamu ta Ghana nake nufi, kada wani ya ce na kai fasinja Turkiyya.

Ka faɗa wa yaron bidiyonsa ba namu ba ne. Amma kada ya karaya, a nan ma ana hawa, kuma wurin yana bayan gidanmu. Sunansa Busua. Daga Takoradi ka ɗauki hanyar Elubo, in ka iso Agona Nkwanta ka sauka, ka shiga tasi mai gangarawa bakin ruwa. In hanya ba cunkoso, awa ɗaya ta ishe ku gaba ɗaya. Ƙauyen masunta ne na Ahanta, gaɓarsa doguwa, rairayi ne zalla a ƙasa ba duwatsu a inda ake koyo, ga wani ɗan tsibiri a gabansa mai 'yan itatuwan kwakwa. Samarin garin da kansu ke koyarwa, da yawansu 'ya'yan masunta ne, sun tashi a cikin ruwan nan kamar agwagi. Yanzu har 'yan mata na hawa.

Na sha kai baƙi ina zaune a inuwa ina kallo, don haka na san yadda darasin yake. Ba a fara wa mai koyo da siririn allon nan na bidiyo. Wani ƙato ake ba shi mai taushi kamar katifa, ya fi shi tsawo nesa. A kan rairayi ake farawa: ya kwanta rub da ciki a kan allon, ya yi kamar yana tuƙi da hannuwa, sannan ya dafa ya zabura ya tsaya a karkace, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Sai ya yi haka ya fi sau ashirin, yara 'yan gari na yi masa dariya. Sannan a ɗaura masa igiyar allon a idon sawun ƙafar baya, a shiga ruwa iya ƙugu, inda raƙumin ya riga ya fashe ya zama farin kumfa. Malamin na riƙe da bayan allon, in kumfa ta taho sai ya tura shi ya daka masa tsawa ya tashi. Ranar farko in ya tsaya na daƙiƙa uku ya ci riba. Ya sa riga mai kama jiki, in ba haka ba allon zai goge masa ƙirji har ya kasa kwanciya da dare.

Lokacin da kuka zaɓa ma ya yi daidai. Manyan raƙuma daga wajen Afrilu zuwa Satumba suke zuwa. A Disamba ruwa ya fi lafawa. Hunturun nan da ke fasa muku leɓe a Kano, kafin ya iso mu ya gaji, amma da sassafe yana busowa daga tudu zuwa teku, sai ya gyara fuskar ruwa ta yi sumul.

Yanzu ga abin da ya sa na ajiye mota na zauna rubutu. Maganar da ka yi cewa yaron ya iya iyo, ita ce ta tayar mini da hankali. Da ka ce bai iya ba da na fi samun natsuwa, domin wanda bai iya ba iyakarsa gwiwa.

Ina da shekara 17, kashegarin ƙaramar Salla, muka tafi bakin ruwa mu biyar da sababbin kayanmu. Ni ne gwanin cikinmu, domin nakan yi iyo a kogin Pra in mun je Shama wurin dangin uwata. Da muka isa na dubi ruwa: dama raƙuma na fashewa, hagu suna fashewa, a tsakiya kuwa ga wani fili lumui, ruwansa ya ɗan fi duhu, ko kumfa babu. Na ce wa abokaina ga wuri mai lafiya nan. Na tuɓe na shiga. Ban yi taku goma ba na ji rairayi na zarewa daga ƙarƙashin ƙafata. Da na juyo, abokaina sun koma kamar 'yan tsana. Na fara iyo da dukkan ƙarfina ina nufin gaɓa, ina kallon wata bishiyar kwakwa, ina buga ruwa ina bugawa, bishiyar kuwa sai ƙara ƙanƙancewa take. Na sha ruwan gishiri har ya fito ta hanci. Hannuwana suka yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi. Na hango wani tsoho a gaɓa yana ta kaɗa hannu gefe, gefe, ni kuwa na ɗauka cewa yake in yi sauri.

Abin da ya cece ni, bayan ikon Allah, ranar Talata ce. Masuntan gaɓar nan ba sa fita kamun kifi ran Talata, al'adarsu ce tun kaka da kakanni. Suna zaune a gindin jiragensu suna ɗinkin taru. Samari biyu suka shigo, ba ta inda na shiga ba, ta gefe. Ɗaya ya miƙo mini galan na roba na rungume, suka ja ni a kaikaice har muka shiga inda raƙuma ke fashewa, raƙuman da na guda su suka turo mu tudu. Da na gama amai, tsohon nan ya zo, Bafante ne, bai ce mini sannu ba. Ya kama kunnena ya kai ni bakin ruwa, ya ɗauki ɓawon kwakwa ya jefa cikin farin kumfa: ɓawon ya yi ta juyi ya dawo ƙafarmu. Ya ɗauka ya sake jefawa a filin nan nawa mai lafiya. Muna tsaye muna kallo ya miƙe ɗoɗar zuwa tsakiyar teku kamar an ɗaura masa zare. Sannan ya sake mini kunne ya koma kan tarunsa.

Ga yadda abin yake. Duk ruwan da raƙuma suka kwaso suka zuba a gaɓa dole ya koma. Sai ya nemi inda rairayin ƙasa ya yi kwari, ya taru ya bi nan da gudu kamar kwata ranar ruwan sama. Saboda wurin ya fi zurfi, raƙumi ba ya fashewa a kansa, shi ya sa baƙo ke ganin nan ne lafiya. Faɗinsa sau da yawa bai fi na titi ba, kuma ba ƙasa yake jan mutum ba, waje yake kai shi, in ya wuce layin da raƙuma ke fashewa sai ƙarfinsa ya mutu. Gajiya da firgita ke kashe mutane. Wanda ya faɗa ciki ya daina kokawa da shi, ya kwanta rigingine ya huta, ya ɗaga hannu ɗaya, in zai yi iyo ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga cikinsa. Abin dariya, masu allon nan da gangan suke shiga cikinsa, shi ne motarsu ta kyauta zuwa waje. Kada yaronka ya ga sun bi nan ya bi su.

Kuma wurin ba ya zama ɗaya. Inda yake da safe ba lallai nan yake da la'asar ba. Kafin kowa ya jiƙa ƙafa ku tsaya kan tudu minti goma ku kalli inda kumfa da shara ke tafiya, sannan ku tambayi masunta. Kai kuma Malam, in Allah ya kiyaye ka ga abu ya faru, kada ka faɗa ruwa. Ka yi ihu, ka kira masu allo, ka jefa duk abin da ke tasowa. Na san gida biyu da aka yi jana'izar uba, ɗan da ya shiga cetowa kuwa yana nan da ransa.

Batun iyali kuwa, lokaci ne maganinsa. Daga jajiberen Kirsimeti zuwa 26 ga wata, da ranar 1 ga Janairu, da yammacin kowace Lahadi, ku bar musu wurinsu. Kiɗa ne da giya da cunkoso. A kwanakin ma Takoradi kanta ba ta shiguwa saboda bikin Ankos, 'yan dodo da kayansu masu launi da 'yan badujala sun cika titi. Amma ranar aiki bayan asuba, gaɓar Busua daga ku sai masunta masu jan taru da karnuka. Zuwa ƙarfe goma kun gama, kun sayi kifi ɗanye a hannun matan da ke jiran jirage, a soya muku ku ci da dokunu da shito, wato miyar yajinsu. In salla ta kama ku, ruwan teku na alwala, malamanmu na zango kullum suna kawo hadisin da ke cikin Muwaɗɗa cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal. Sai dai kurkurar baki da shi sai jarumi.

Maman 'Yanbiyu, Agege, ta amsa:

Kai Baba Direba, ka sa jikina ya yi sanyi, alhali ba ni zan shiga ba. Allah ya saka wa tsohon nan, ko da yake ya ja maka kunne.

Malam Bafagge, tunda ta Legas za ku bi, mu ma muna da namu. Tarkwa Bay ake ce masa. Mota ba ta zuwa, sai jirgin ruwa daga CMS ko wajen Falomo, tafiyar kamar minti ashirin, kuna wuce manyan jiragen dakon kaya da ke jiran shiga Apapa. Wurin a lungu yake bayan katangar duwatsun da aka jera don tsare mashigin tashar jiragen, don haka ruwansa ya fi na sauran gaɓar Legas sauƙi. Akwai yara masu hawan allo a can, wasu ba su kai ɗanka ba. Sau biyu na kai 'yan biyuna. In za ku je, kada ku hau jirgin da bai ba kowa rigar ceto ba, kuma ku duba igiyoyinta na ɗauruwa, don wata rigar suna ce kawai. Ku juyo kafin magariba.

Amma gaskiya in kuna da kwana huɗu a Ghana, ku yi a can. Nan Legas teku ta zama ta masu kuɗi. Muna yara babanmu kan kai mu Bar Beach ran Salla, ba mai tambayarka ko kwabo, mu hau doki, mu sayi gyaɗa. Yanzu wurin babu shi, an cike shi da rairayi an gina Eko Atlantic a kai. Sauran na wajen Lekki kuwa kuɗin ƙofa daban, na ajiye mota daban, na kujera daban, in ka zo da abincinka ma wani wurin sai ka biya. A watan Janairun 2020 an tashi mazauna Tarkwa Bay da ƙarfin soja a kan zancen fasa bututun mai, a 2024 kuma aka rushe wani ɓangare na gaɓar Landmark don titin Legas zuwa Kalaba. Kowace shekara wurin da talaka zai tsaya ya kalli ruwa raguwa yake.

Keɓaɓɓen wuri irin wanda ka tambaya, wanda na sani a nan shi ne gandun Lekki, amma daji ne da fadama, ba wurin wanka ba. Akwai gadar igiya a saman itatuwa mai tsawon mita 401, ni dai a rabin farko na yi ta salati. Birai sun ƙwace wa Hassana biskit a hannu.

Saƙona na ainihi ga maiɗakinka ne. Yaya, in kin ce ƙafa kawai za ki jiƙa, to ki naɗe hijabin nan ki ɗaure shi a ƙugu, ko ki sa gajere. Ni da dogo na shiga har ƙasa, ruwa iya ƙauri. Na juya baya ina gyara wa Usaina ɗankwali, raƙumi ya zo ya buge ni ta baya na durƙusa, hijabin ya sha ruwa da rairayi ya naɗe mini ƙafafu, na kasa tashi har na biyu ya zo. Wata Bayarabiya mai sayar da kwakwa ce ta fizgo ni. Ba a ba teku baya, kuma hannun 'yan matan nan kada ya bar naki.

Malamin Jogirafi, Zariya, ya amsa:

Malam Bafagge, ɗanka bai yi kuskuren tarihi ba, sunan ne ya zo ɗaya. Ghana ta bar sunan Gold Coast a 1957. Wanda ke cikin bidiyon wani birni ne a jihar Queensland ta Ostireliya.

Tambayarka ta ƙarshe ta haɗa abu biyu, bari in raba su. Akwai wuraren da ake keɓewa saboda raƙumin ruwan kansa. Mutum zai yi mamaki, me za a tsare a abin da ke zuwa ya fashe ya wuce? Amsar tana ƙasan ruwa. Siffar rairayi ko dutsen da ke ƙasa ita ke sa raƙumi ya naɗe a hankali ta gefe guda har a hau shi, maimakon ya rufto gaba ɗaya. In aka taɓa ƙasan, an kashe shi. A Mundaka ta ƙasar Sifen an yashe rairayin bakin kogi don jirgi ya samu hanya, raƙumin da garin ke taƙama da shi ya ɓace, har aka soke babbar gasar duniya da za a yi a can a 2005. Irin wannan ya sa wata ƙungiya mai suna Save The Waves ta fara ayyana wurare: Malibu a Amurka a 2010, Ericeira a Fotugal a 2011, ita Gold Coast ɗin ta bidiyo a 2016. Wannan karramawa ce da matsin lamba, ba doka ba. Ƙasar Peru ce ta yi doka sukutum, inda ake rajistar raƙumi a hana gina abin da zai ɓata shi.

Na Ghana iri na biyu ne: saboda tsuntsaye da kifi da kunkuru aka keɓe su. A 1992 aka sa wurare biyar na gaɓarta cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayin duniya, wato Keta, Songor, Sakumo, bakin kogin Densu da Muni-Pomadze kusa da Winneba. Yarjejeniyar ce dai da ta shafi dausayin Haɗeja da Nguru, kuma kamar can, tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai ne ke sauka. Mutane na zaune a cikinsu suna su, suna haƙar gishiri, ba shinge ba ƙofa irin ta Yankari. Daga Aflao zuwa Takoradi duk za ku wuce ta kusa da su.

Abin da Hajiya ta faɗa game da Bar Beach ma labarin rairayi ne. A gaɓar nan tamu ruwa na tura rairayi daga yamma zuwa gabas. Katangun duwatsun da Turawa suka fara ginawa a mashigin Legas a 1908 sun tare shi: yamma ta yi ta tarawa, gabas ta yi ta zaizayewa. Haka Keta: tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 rairayin da kogin Volta ke kawowa ya ragu, teku ta ci gidaje da rabin tsohuwar ganuwar 'yan Denmak.

Ka kuma gaya wa yaron wasan ba baƙo ba ne a gaɓar da za shi. Wani hafsan Birtaniya da ya sauka Ankara a shekarun 1830 ya rubuta cewa ya ga yara na shiga teku da 'yan alluna a ƙarƙashin cikinsu, su jira raƙumi ya kwaso su zuwa gaɓa.

Ƙari ɗaya a kan na Direba: teku na cika ta janye sau biyu a yini, kuma lokacin na jinkirta da kamar minti 50 kullum. Cikar ta fi yawa a farkon watan Musulunci da tsakiyarsa. Kalandar da ke bangon ɗakinka ma za ta yi maka aiki.

Bafagge ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa mutanen gida duka bayan isha. Yaron ya yi fushi da Ostireliya na dare ɗaya, da safe ya ce ya yarda da Busua. Uwarsa kuwa tun daga wurin ɓawon kwakwa ta ce ba mai shiga ko da ƙafa, muna kan sulhu. Ƙaramar ce ta kama maganar kunkuru da Malam ya ambata, ta ce ita shi za ta gani. Malam Direba, ana ganinsu a Disamba? Ko sai an shiga jirgi?

Direban Takoradi ya sake amsawa:

Ba sai an shiga jirgi ba, su ke fitowa. Kuma lokacinsu ke nan, daga wajen Oktoba har zuwa Maris suke hawowa gaɓa su yi ƙwai, Disamba na tsakiya. Sai dai ba alkawari, dare uku na taɓa kwana ban ga ko sawu ba.

Ku wuce Busua zuwa yamma, wajen Akwidaa da Cape Three Points. Hanyar ta ratsa gonakin roba, kuma ba ta da kyau, kada ku ɗauki ƙaramar mota mai ƙasa-ƙasa. A ƙauyukan akwai samarin da ke sintiri da dare suna tsaron ƙwan, su za ku nema su raka ku, ku ba su na goro.

Sau ɗaya na ga babbar, mai baƙin baya kamar fata, ba ƙoƙo irin na kunkurun tudu ba. Wajen ƙarfe ɗaya na dare ne. Abin da muka fara gani sawunta, kamar tarakta ta fito daga ruwa. Muka bi shi muka same ta ta riga ta share wuri. Tsawonta ya kai tabarma. Da ƙafafun baya take haƙa, ɗaya bayan ɗaya, ta cusa ta kwaso rairayi kamar da ludayi ta watsar gefe, ba ta ko waiwaya ta ga ramin. Tana nishi kamar mai naƙuda, wani ruwa mai kauri na zuba daga idonta. Wata baƙuwa da na kawo ta fashe da kuka wai kunkuru na kuka, ɗan rakiyar ya ce gishiri ne take fitarwa. Ƙwan farare, masu taushi, suna faɗawa biyu-biyu uku-uku. Da ta gama ta rufe, ta daddaɓe, ta yi ta watsa rairayi ko'ina don ɓad da sawu, sannan ta ja jiki ta koma. Mun fi awa a tsugune, sauro ya yi mana kaca-kaca. Ka gaya wa 'yar auta sharaɗi: ba tocila mai farin haske, ba hoto da walƙiya, ba tsayawa a gabanta. In ta tsorata kafin ta fara sai ta juya. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan ke fitowa, hasken saman ruwa suke bi, shi ya sa fitilar masauki ɗaya a bakin gaɓa kan juya su su nufi daji.

Tun 1971 doka ta hana kama su ko ɗibar ƙwansu, amma ba zan yi maka ƙarya ba, ana yi. Karnuka da aladun ƙauye ma na tonewa. Ga ledar fiya-wata, wadda in tana yawo a ruwa babbar nan ke ɗauka abincinta ne ta haɗiye.

Kuma tunda Malamin Jogirafi ya kawo zancen rairayi, bari in tona kaina. Kafin in samu lasin, shekara biyu na yi ina yaron tifa. Da dare muke zuwa gaɓa, mu loda rairayi da shebur mu kai wa masu bulo, mun san haramun ne a doka, maigidana ya san wanda zai gani a hanya. Akwai gaɓar da muka yi wa sawu ya fi ɗari. Bara na bi ta wurin da fasinja, na tsaya in nuna masa inda muke ajiye mota. Kwakwar da muke fakewa a gindinta tana kwance cikin ruwa, saiwoyinta a sama. Ban ce masa komai ba, na ce mu tafi dare na yi.

In kun isa Cape Three Points ku hau wurin hasumiyar fitilar jirage, ta 1925 ce. Nan ne ƙarshen Ghana ta kudu, daga nan ba sauran ƙasa a gabanku. Man da aka gano a 2007 ma a can cikin ruwan yake, nesa da inda ido ke kaiwa. A bayanku kuma gandun daji ne na hukuma wanda ya gangaro kusa da teku. Kada yaron ya ce zai yi wanka a gindin hasumiyar, duwatsu ne.

Batun maiɗakinka kuwa, kada ka matsa. Ku je ranar farko ba da niyyar shiga ba. Ta zauna a inuwa ta ga yaran da ba su kai nata ba suna faɗuwa a ruwa iya ƙugu suna tashi suna dariya, ta ga malamin da idonta, ta yi masa tambayoyinta. In ta yarda kashegari, to. In ba ta yarda ba ku taka zuwa Butre, ku haye gadar katako ku hau tsohuwar ganuwar da ke kan tudu, yini ya yi kyau.

Zan tura maka lambata ta saƙon sirri. In kun wuce Kasoa ka kira ni, sunan garin ma kasuwarmu ce aka lanƙwasa, daga nan zan san lokacin da zan tare ku a tasha. Ka taho mini da kilishin Agadasawa, mai yaji, ba mai ƙuli da yawa ba.